Inuwa ko Tauraro: Yadda Matafiyan Ostareliya ke Kafa Dish a Daji

Mu a nan, waya da kotu muka laƙaba wa sunan tafi-da-gidanka. A Ostareliya kuwa gidan ne kansa ake ja a bayan mota: ɗaki mai tayoyi, da gado da kicin da banɗaki. Da yawa daga masu jan sa dattawa ne da suka yi ritaya, ana tsokanarsu da makiyaya masu furfura alhali ko akuya ba su da ita. Burinsu su kewaye nahiyar a kan babbar hanya mai lamba 1, tafiyar kilomita wajen 14,500. A filin Nullarbor akwai inda titi ya miƙe sambal kilomita 146 ba kwana ko ɗaya. A irin wannan waje eriya ba ta kama komai, waya ma sai ta ga dama. Duk wanda ba ya son labaran yamma su wuce shi, sai ya ɗauki dish.

Tashoshin dai kyauta ne. Tun 2010 gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyin wani tsari mai suna VAST, wanda ke watsa ABC da SBS da tashoshin 'yan kasuwa ga mutanen karkara ta tauraron kamfanin Optus da ke digiri 156 gabas. Ana buƙatar dikodar da aka amince da ita da katinta, matafiyi kuma ya yi rajistar wata shida, in ta ƙare ya sabunta. Wannan duk mai sauƙi ne. Aikin yana wajen nemo tauraron.

Mai saita dish a Kano sau ɗaya yake shan wahala. Ya hau katanga, ya juya faifai har hoto ya fito, ya ɗaure noti, shi ke nan sai bayan shekaru. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne tauraron yana can kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, yana kewaya ta daidai da yadda take juyawa, don haka daga ƙasa kamar a tsaye yake cak. To amma in kai ne ka motsa, lissafi ya rushe. A Sydney dish yana kallon arewa, ya ɗan karkata gabas, ya ɗaga kai digiri 50. A Darwin ya kai 57. A Perth sai ya sunkuyo zuwa 33, ya juya arewa maso gabas sosai. (Arewa fa, ba kudu ba kamar namu, domin su a ƙasan layin suke.) Faifai mai faɗin santimita 80 kuwa abin da yake gani a sama wajen digiri biyu ne kawai. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya bar mutum da baƙin allo.

Shi ya sa 'yan kasuwa ke tallar na'urar da ake ɗaurewa a rufin ɗakin. Ka danna maɓalli, ta buɗe kanta, ta duba GPS, ta yi ta juyi har ta kama tauraro kafin ruwan shayi ya tafasa. Kuɗinta ya ninka na faifan hannu sau da yawa, kuma ga mai ciwon gwiwa ba a ce asara ba ce. Sai dai tana da aibi guda da ba a faɗa a talla: inda ɗaki ya tsaya, nan ita ma take tsayawa. Wanda ya wuni yana tuƙi cikin zafin ranar Ostareliya, abin da zai fara nema da ya isa zango shi ne gindin bishiya, sigina kuwa ba ta ratsa ganye, balle jiƙaƙƙe. Sai ya zaɓa, ko inuwa ko talabijin. Mai faifan hannu a kan ƙafa uku ba ruwansa da wannan zaɓi. Ɗakinsa na inuwa, faifansa na fili, wayar RG6 mai tsawon mita 15 ko 20 ta haɗa su. A ganina wannan kaɗai ya isa ya raba gardama, kuma kada a yi rowa wajen faɗi: ƙaramin faifai yana da daɗin ɗauka, amma shi ke fara mutuwa da hadari ya taso a arewacin ƙasar.

Kafawar ma ba gagara-badau ba ce in an bi ta daki-daki. Farko sandar ta tsaya tsaye ƙyam, a auna da ma'aunin magina, domin in ta karkace to lambobin da ke jikin maƙallin ƙarya suke yi. Sai a duba kusurwar garin a manhajar waya, a ɗaga faifai daidai da ita. Kada fuskarsa ta ruɗi mutum: irin mai hannu daga ƙasa yana kallon sama da digiri ashirin da 'yan kai fiye da yadda ido ke zato. A murɗa LNB, wato na'urar da ke bakin hannun faifai, a mazauninsa yadda manhajar ta nuna, mataki da ake yawan mantawa. Kamfas kuma a yi nesa da mota kafin a yarda da shi, ƙarfe na jan allurarsa. Ko ba ƙarfe ma, arewarsa a Sydney ta kauce wa ta gaskiya da wajen digiri 12. Tsofaffin hannu ba su ma ɓata lokaci, leƙa faifan maƙwabci suke yi su ga inda ya dosa.

Daga nan sai haƙuri. Maigida na tsaye a bayan faifai yana tura shi kaɗan-kaɗan, yana tsayawa daƙiƙa uku kowane turi don dikoda ta farga, uwargida na ciki gaban allo tana ɗaga murya ta taga: “Koma baya! A'a, ka wuce!” 'Yar mitar nan mai kuka da ake sayarwa da arha tana taimakawa, amma makauniya ce, kowane tauraro ta ci karo da shi sai ta yi ihu, ga shi akwai wani a digiri 160, kusa-kusa. A allon dikoda layi biyu ne. Na ƙarfi yakan cika da zarar waya ta haɗu da LNB, ko da faifan ƙasa yake kallo. Na inganci shi ne mai gaskiya, sai ya motsa za a ɗaure noti, shi ma a hankali, gefe da gefe, don ɗaurin kansa kan gusar da saiti.

Saura iska. Faifai tamkar faranti ne a hannun yaro, guguwar tsakar dare ɗaya ta kifar da shi, hannun LNB ya lanƙwashe. Wasu na kafa turaku a ƙafafun uku, amma a ƙasa mai duwatsu turke ba ya shiga, sai a cika jarka mai lita 20 da ruwa a rataye ta a tsakiyar ƙafafun. Da safe a juye ruwan a tanki, a naɗe waya, a kama hanya.