Yadda A Ke Tada Irin Yisti Ba Tare Da Kayan Bature Ba

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin malanta a Suleja, wani yaro ya tambaye ni abin da ke sa ƙullun masa ya kumbura. Na ce yisti. Ya ce, "Malam, mene ne yisti?" Nan fa na daburce. Amsar kuwa ban same ta sosai ba sai a wurin wata tsohuwa Bagwariya mai dafa burkutu a bayan gari.

Yisti abu ne mai rai, dangin naman kaza, amma ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya. Abincinsa sukari. In ya ci, sai ya fid da iska mai kumfa da barasa. A ƙullun masa iskar a ke so, barasar kuwa wuta ta kore ta. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar wajen 1857 cewa aikin masu rai ne, sa'an nan a 1883 Emil Hansen na ƙasar Denmark ya ware iri ɗaya tsantsa ya yi kiwonsa.

Tsohuwan nan ba ta san su ba, amma dubi dabararta. Ta kan jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe da ganye kwana huɗu ko biyar har ta yi tsiro, gama tsiron ne ke juyar da garin ƙwaya ya zama sukari. Ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Abin da ta fi tsaro duka shi ne gindin tukunyar da ta wuce, watau laka-lakan nan da ke kwantawa. Shi ne irinta. Kadan ya lalace, dawa da itace da wahalar mako guda sun tafi a banza.

To, ga yadda za ka tada naka. Ɗauki garin tsiro cikin tafi biyu, ka dama da ruwa mai zafi, ka bar shi kamar sa'a guda har ya yi zaƙi. Tace, ka tafasa, ka zuba a kwalbar da ka wanke da tafasasshen ruwa. Jira ya huce har ka ɗiga a bayan hannunka ba ka ji ƙuna ba. Nan ne masu garaje ke faɗuwa, domin zafin da ya kai digiri 60 kashe yisti ya ke yi. Sa'an nan sa cokali ɗaya na tsohon iri, ko na ƙullun masa mai kumbura. Girgiza ƙwarai, gama yisti ya fi hayayyafa in ya sami iska da fari. Toshe bakin da tsumma mai tsabta. Kada ka kuskura ka ɗaure murfi, kwalba ta kan fashe.

Cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ga kumfa, ka ji ƙanshi kamar na burodi. In ka ga furfura, ko ka ji ɗoyi, zubar. In an daɗe ba a ƙara masa abinci ba, waɗansu ƙwayoyi su kan mai da barasar ruwan tsami.

Ni dai da na koma aji, balan-balan na ɗaura a bakin kwalbar, muka ajiye gefen taga. Kafin a tashi ya cika ya miƙe, yaron nan kuwa ya nemi a ba shi kwalbar ya kai wa uwarsa.