Malaman Daji Na Barno Suna Cikin Wani Hali

Mutanen Barno mazauna Ikko da Badun ba su manta da malaman daji ba. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Tafkin Chadi, hedkwatarsa tana Maiduguri, sassansa uku: Chingurmi-Duguma, Bade-Nguru da Bulatura. Aikin malaman shi ne kama mafarauta da masu saran itace, da hana kiwo cikin gandu. To, amma bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, sintiri ya gagara a wajejen Bama, dajin Sambisa kuwa ya zama maɓoyar mayaƙa.

Ƙungiyar malaman daji ta duniya, wadda aka kafa a 1992, takan tuna da waɗanda suka rasu a bakin aiki kowace ranar 31 ga Yuli. Tunawa kaɗai ba ta isa ba. Sai gwamnati ta ba su kayan aiki, ta kuma dubi iyalansu.