Ƙwayar Ciwon Sukari: Yadda Za Mu Sha Ta Lafiya

'Yan'uwa, ciwon sukari ya daina zama ciwon mutanen birni kaɗai. A ƙauyukanmu na Batsari da Safana akwai dattawa da iyaye mata da aka auna jininsu a Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, aka ɗora su a kan ƙwaya. Ƙwayar ba ta warkar da ciwon. Tana riƙe sukarin jini ne kada ya hau ya lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Saboda haka ba a daina ta don an ji sauƙi.

Abu na farko, kowa ya san sunan ƙwayarsa, gama ba iri ɗaya ba ne. Wadda aka fi bayarwa ita ce metformin, wasu na ce mata Glucophage. Tana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini. Ana shan ta tare da abinci ko da zarar an gama ci, yawanci a fara da miligiram 500, likita ya riƙa ƙarawa a hankali. A makonnin farko takan kawo tashin zuciya ko zawo, amma sau da yawa wannan yana wucewa. Idan amai da gudawa mai tsanani suka kama mutum har ba ya iya shan ruwa, sai ya dakata da ita ya nemi ma'aikacin lafiya, domin jikin da ruwa ya ƙare masa ƙodarsa ba ta iya fitar da maganin.

Ta biyun ita ce ta fi bukatar lura: glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil. Wannan tana tilasta jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. A nan ne haɗarin yake. Manomi ya haɗiye ta da asuba, ya saɓa fartanya ya tafi gona da niyyar sai an kawo koko. Kokon ya makara. Kafin hantsi sai rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, yunwa, zuciya na bugawa, magana ta soma rikicewa. Sukari ne ya faɗi. Mun sha jin ana cewa iska ce ko buguwa, ana tsaye ana kallo alhali cokali uku na sukari cikin ruwa zai ta da shi. Rabin kwalbar lemo ko cokali ɗaya na zuma ma ya isa. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a sake ba shi, sa'an nan ya ci abinci sosai. Amma wanda ya suma kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe, a kai shi asibiti nan da nan. Mai shan Daonil kada ya fita ba ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihu, kuma matarsa da 'ya'yansa su san waɗannan alamu. Wanda ya haura shekara 60 ya tambayi likita ko za a sauya masa da gliclazide, wadda ba ta cika kayar da tsofaffi ba.

Haka batun azumi. In ikilisiya ta sa ranar azumi da addu'a, mai shan ƙwaya ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya, kada ya sha ta a kan cikin da ba zai ga abinci ba har yamma. Burkutu kuwa, ban da sauran illarta, tana hana hanta sakin sukari sa'ad da jiki ke bukata.

Wanda ya manta da ta safe kada ya haɗa biyu da dare. Kada a ara wa maƙwabci, ko da ciwonku ɗaya. Mace da ta ɗauki ciki ta gaya wa asibiti da wuri. Shuwaka da zogale abinci ne mai kyau, amma ba sa maye gurbin ƙwaya. Jiƙon da ake tallarsa a kasuwa wai yana kashe ciwon sukari cikin kwana bakwai, a bar wa mai shi kayansa.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, musamman ƙauyukan bakin dajin Rugu, inda wani lokaci mako yakan wuce ba a iya shiga gari ba. Don haka kada a jira sai ƙwayar ƙarshe. In saura na kwana goma, a nemo wani a asibiti ko kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ajiye shi cikin takardarsa, a inuwa, nesa da murhu da hannun yara. A rubuta sunan maganin da yawan da ake sha a wata 'yar takarda, a sa ta cikin jakar da za a fara ɗauka in ta kama a bar gida da dare.