Yadda Musun Ƙwallo Ya Kusa Kashe Min Aure

 Yau na zo muku da wani zance da na san da yawanku za ku ce, yo mu ina ruwanmu da ƙwallo? Ni ma da haka nake cewa, sai da ƙwallon nan ta biyo ni har cikin maganar aurena.

Tagar ɗakinmu tana kallon dakalin ƙofar gidanmu ne a nan Kano, a dakalin kuwa Yayana da abokansa suke kafa majalisa daga bayan sallar isha'i har dare ya raba. Kaf ɗinsu magoya bayan Real Madrid ne ta ƙasar Sifen. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, ba su cika zancen kulob ɗinsu ba kamar yadda suke zancen abokiyar gabarsu Barcelona. Wallahi kamar macen da ta fi sanin abin da ke cikin tukunyar kishiyarta fiye da tata.

Sai Allah ya haɗa ni da ɗan Barcelona. Ba zan kama sunansa ba, kun dai san dalili. Malamin makaranta ne mai haƙuri, yana da ɗan filinsa a bayan gari ya sa harsashin ɗaki biyu da falo. In ya zo zance dole ta gaban majalisar zai wuce kafin ya shigo soro, su kuwa ba sa barinsa ya wuce salin alin.

Bari in ɗan warware muku asalin rigimar, don ni ma ta taga na koye ta. Filin wasan Barcelona sunansa Camp Nou, an buɗe shi tun 1957, kafin a fara gyara yana ɗaukar mutum sama da dubu 99. A watan Mayun 2023 suka buga wasan ƙarshe a ciki, aka miƙa shi ga wani kamfanin gine-gine na ƙasar Turkiyya mai suna Limak, da nufin a rushe benen sama a sake shi, a yi masa rufi, ya koma ɗaukar mutum dubu 105. Kuɗin aikin bashi ne, Yuro biliyan 1.45. Kafin a gama sai kulob ɗin ya koma zaman aro a filin Montjuic da ke kan tsauni, inda aka yi wasannin Olamfik na 1992. Aka yi wa magoya baya alƙawarin komawa gida a watan Nuwamban 2024, daidai cikar kulob ɗin shekara 125 da kafuwa.

Mu ma a ƙarshen 2024 ɗin aka fara sa ranar bikinmu. Ke dai bari 'yar uwa! A shekarar ne buhun siminti ya haura naira dubu goma, ginin mutumina ya kai linta ya tsaya cak. Nuwamba ta zo ta wuce Barcelona ba su koma ba, mu ma manya suka zo suka nemi alfarmar a ɗaga rana. Tun daga nan Yaya ya raɗa wa ginin suna Camp Nou. Da ya hango shi tafe sai ka ji ya ce, “A'a, 'yan haya sannunku da zuwa! Ya aikin Camp Nou, an kai rufi kuwa?” Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa ina ɗaki zuciyata kamar ta fashe.

In sun gama da fili sai su koma kan 'yan wasa. Su tuna masa yadda Messi ya tafi PSG ta Faransa a watan Agustan 2021 yana sharɓar kuka gaban 'yan jarida, don kulob ɗin ya kasa riƙe shi saboda matsalar kuɗi. Su tuna masa Dani Olmo, wanda aka sayo a 2024 amma a watan Janairun 2025 aka yi ta fama kafin a bar shi ya ci gaba da bugawa, saboda dokar kashe kuɗi ta La Liga. Wani ya ce ai kamar mutum ne ya sayo atamfa mai tsada ba shi da kuɗin ɗinki. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin da Yaya ya yi wata rana, cewa a 2022 Barcelona ta sayar wa wani kamfanin Amurka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga nuna wasanninta na La Liga a talabijin, har na tsawon shekara 25. Ya ce, “Wannan ai sayar da amfanin gona ne tun ba a yi shuka ba.”

Shi ma fa mutumin nawa ba kanwar lasa ba ne. Cikin ladabi zai ce, “Yaya, ku ma ai bashin kuka ci kuka gyara Bernabeu, sama da Yuro biliyan ɗaya, kuma lokacin korona a ɗan filin atisaye mai cin mutum dubu 6 kuka yi ta bugawa.” Ya ƙara da cewa sun yi rufin da ke buɗewa ya rufe, sun yi ciyawar da ake janyewa a ɓoye ta a ƙarƙashin ƙasa don a yi wasan mawaƙa a samu kuɗi, sai ga maƙwabta sun kai ƙarar hayaniya, a watan Satumban 2024 aka dakatar da wasannin. Daga nan ya jawo zancen Lamine Yamal, yaron da aka haifa a 2007, babansa ɗan Maroko, wanda ya fara buga wa manya yana ɗan shekara 15. Ya ce, “Ku kun ɗauko Mbappe daga Faransa, mu namu a gida muka raine shi.” A kakar 2024 zuwa 2025 kuwa sau huɗu suka haɗu, sau huɗu Barcelona na cinye su, har da ci huɗu da nema a cikin Bernabeu ɗin da suke taƙama da shi. Ranar Yaya ko tuwon dare bai ci ba. Ni dai ban san lokacin da na fara yi wa Barsa addu'a a ɓoye ba, Allah ya yafe min.

Wasa-wasa magana ta girma. Aka sake ɗaga ranarmu karo na biyu, tsokanar Yaya ta fita daga majalisa ta shiga bakin matan unguwa, har a gidan suna aka tambayi Umma wai gaskiya ne surukin nata ɗan alƙawarin Barsa ne? Umma ta dawo ranta a ɓace. Baba ya kira Yaya ya yi masa tatas, amma shi ma haƙurinsa ya ƙare, ya aika cewa in shekarar 2025 ta fita ba a yi ba, to kowa ya kama gabansa. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Da daddare ya zo duk ya rame, ya ce ya samu mai ba shi rancen da zai gama komai lokaci guda, har filasta da silin da fenti, a riƙa cira daga albashinsa shekara uku. Gabana ya faɗi, maganar Yaya ta amfanin gona ta faɗo min. Na ce, “Malam, in aka cinye albashin tun bai zo ba, me za mu ci a gidan mai fenti?” Ya yi shiru, ya ce to ya zai yi da wa'adin Baba? Ban da amsa a ranar.

Amsar kuma daga dakalin nan ta fito. Bayan Barcelona sun sha ɗage-ɗage, har a watan Satumban 2025 suka karɓi Valencia a ƙaramin filinsu na Johan Cruyff mai cin mutum dubu 6, sai ranar 22 ga Nuwamban 2025 suka koma Camp Nou. Ba a gama ba fa! Babu rufi, benen sama ana kan aiki, 'yan kallo wajen dubu 45 kawai aka bari suka shiga. Suka ci Athletic Bilbao huɗu da nema, Lewandowski ne ya fara zura ƙwallo. Ina jin Yaya yana cewa, “Kai, waɗannan ba su da kunya, sun tare a kango!” Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Kangon naka ai ya fi gidan aro.”

Ban yi barci ba sai da na samu Umma. Na sunkuyar da kai na ce ɗaki ɗaya da banɗaki da ɗan wurin girki sun ishe ni, a rufa su, saura a yi muna ciki. Ta daɗe tana kallona, ta ce kayan ɗakin da ta tara min fa, ina za a zuba su? Na ce rabi ya zauna a wurinta tukun. Kwana biyu tana juya maganar kafin ta kai wa Baba. Ya ce shi ma da Umman a ɗaki ɗaya suka fara, kuma ya fi son haka da a ce 'yarsa ta tare a kan bashi.

A ƙarshen Disamba aka ɗaura aure na tare. Falo yana nan ba rufi, a ciki nake shanya, kajina uku ma can suke kwana. Sati biyu da tarewa sai ga Yaya da mai a-daidaita-sahu ɗauke da bandir biyu na kwano. Maigidan ya rasa bakin godiya, ya ce, “Yaya, har da wahala haka?” Ko kallonsa bai yi ba ya ce, “Ba don kai na yi ba, ƙanwar ɗan Madrid ba ta zama a fili ba rufi. Saura katako da kuɗin kafinta, sai ka tambayi Laporta.” Da ya tafi na tambayi maigidan wane ne kuma Laporta, ya ce shugaban Barcelona ne da ya ciwo bashin ginin, ya ɗauki tef ya fita auna falon.