Arlit Na Buƙatar Dandalin da Za Ta Yi Magana da Kanta

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar Akouta da ke kusa da Arlit bayan shekara 43 yana tono yuraniyom, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Imouraren kuwa, wadda Areva ta samu izinin haƙarta a 2009 ta dakatar da aikin a 2014, gwamnati ta janye izinin daga hannun Orano, sabon sunan Areva, a watan Yunin 2024. Mafi yawan muhawarar waɗannan al'amura a Yamai da Faris ake yin ta, da Faransanci. Hatta fina-finan da suka ba da labarin Arlit da gaskiya, na Idrissou Mora-Kpai a 2005 da na Amina Weira a 2016, sun fi samun 'yan kallo a bukukuwan fina-finai na waje. Shi ya sa nake ganin dandalin wasan kwaikwayo mai rai yana cikin abubuwan da suka wajaba a tanada wa Arlit da maƙwabciyarta Akokan.

Nijar ta san wannan hanya. Da Seyni Kountché ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na Samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a 1976, yana zagaya manyan garuruwan jihohi, ƙungiyoyi na gasar teyatur a filayen gidajen matasa. Irin wasan da Yazi Dogo da abokan aikinsa suka yi suna da shi a Damagaram ba ya jiran rubutaccen littafi: a zauna a tsara labari, kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa a wajen gwaji, har ta nuna. Auren dole, cin hanci, cin rani, duk an baje su a gaban jama'a, mutane na dariya suna gane maƙwabtansu. Janet Beik ta rubuta littafi sukutum a kan wannan fasaha a 1987. Abin da take buƙata kaɗan ne: dakali, fitilu, lasifika, da izinin faɗin gaskiya.

Za a ce garin da ke kwana kusa da tan miliyan 20 na sharar ma'adini ya fi buƙatar ruwa mai tsabta da asibiti. Haka ne, kuma kuɗin dandali bai kai ya taɓa nasu ba. Amma a 2009 masu binciken Greenpeace sun tarar da ƙarafa masu gurɓi a kasuwar Arlit, irin waɗanda maƙera ke saye su sarrafa. Rahoton masana ba ya isa kunnen maƙerin nan ko uwargidan da ta sayi kayansa. Wasan rabin sa'a da Hausa da Tamashek zai isa, ya kuma bar su su mai da martani nan take, abin da bidiyon waya ba ya yi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa teyatur na zamanin Samariya bakin gwamnati ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin hukuma ce ke shirya gasa tana ba da kyauta, kuma 'yan wasa sun san iyakar da ba a ƙetarewa. A garin da kamfani ya gina gidaje da asibitoci, haɗarin ya ninka: dandalin da mai haƙa ke biya ba zai nuna tsohon lebura yana tari yana neman diyya ba. Don haka kuɗin gini na iya fitowa daga asusun gyaran Akouta, amma mabuɗin wurin da zaɓen wasanni su kasance a hannun ƙungiyoyin 'yan wasa, tsofaffin ma'aikata da matan unguwa, da yarjejeniya a rubuce.