MAGANIN CIWON DAJI: Abin Da Ya Kamata Majinyaci Da Mai Jinya Su Sani

Idan likita a Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa ya yi zargin mutum yana da ciwon daji, yakan tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. A can, bayan an ɗebi tsoka an gwada, akan ɗora wasu majinyata a kan wani ƙarin ruwa na musamman wanda likitoci ke kira kemo.

A nan ne matsala takan taso. Majinyaci ya dawo gida Masari ko Gozaki ko Mahuta, sai ga amai da kasala, bayan mako biyu ko uku gashin kai ya fara zuba. Sai dangi su ce ai maganin ya fi cutar illa, su hana shi komawa. Wannan kuskure ne da ke jawo asarar rai, kuma rashin sanin yadda maganin ke aiki ne ke kawo shi.

Yadda maganin ke aiki

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Ciwon daji yana faruwa ne idan wasunsu suka shiga hayayyafa ba tsayawa, kamar yadda wuta-wuta ke mamaye gonar dawa. Aikin kemo shi ne ya bi jini ya kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa.

To amma akwai lafiyayyun ƙwayoyi da su ma suke saurin hayayyafa: na tushen gashi, da na cikin baki da hanji, da na ɓargo inda ake yin jini. Maganin yakan taɓa su. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, jini ya ragu. Lafiyayyun suna farfaɗowa, gashi ma yakan sake tsirowa bayan an gama.

Don haka ne ake ba da maganin zango-zango, sau da yawa duk bayan kwana 21, domin jiki ya huta. Kowane manomi ya san noman firi kaɗai ba ya gama da ciyawa, sai an yi maimai. Wanda ya karɓi zango biyu ya ga kumburi ya saɓe ya daina zuwa, ya bar saiwa a ƙasa, kuma idan cutar ta dawo takan fi wuyar magani.

Magungunan da halayensu

Kowane magani da halinsa. Doksorubisin ja ne, yakan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba jini ba ne. Yana iya taɓa zuciya, shi ya sa ake gwada ta kafin a fara. Sikulofosfamayid yana iya ƙona mafitsara, sisfilatin kuma ƙoda, don haka ake son majinyaci ya sha ruwa da yawa. Binkiristin, wanda ake samu daga wani fure ɗan asalin tsibirin Madagaska, yakan kawo taurin bayan gida da dindiris a yatsu.

Waɗannan magunguna sun daɗe da nuna amfaninsu a ƙasar nan. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a Yuganda. A shekarun 1960, Farfesa Victor Ngu ya yi wa irin waɗannan yara magani da kemo a Ibadan, kuma aikin ya jawo masa babbar lambar yabo a Amurka a 1972. Wannan ciwo yana cikin waɗanda ake warkewa daga gare su idan an zo da wuri kuma an kammala magani.

Aikin nas

Kafin kowane zango, ana auna tsawon majinyaci da nauyinsa, domin da su ake lissafa yawan maganin. Ana kuma gwada jini. Idan jinin bai farfaɗo ba akan ɗage ranar, ba don wulakanci ba. Nas takan sa safar hannu da riga ta musamman, ta ba da maganin hana amai tukuna, sannan ta tsaya tana lura da allurar. Wasu magungunan idan suka zuba wajen jijiya suna cinye nama. Saboda haka da zarar majinyaci ya ji zafi ko raɗaɗi a wurin allura, ya faɗa nan take, kada ya ce zai daure.

Aikin mai jinya a gida

Majinyaci kwana ɗaya ko biyu yake yi a hannun nas, sauran kwanakin yana hannun iyalinsa. Ga abubuwan kiyayewa:

1. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan ƙarin ruwa, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan yi ƙasa ƙwarai. A tanadi ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai 38, ko majinyaci yana rawar sanyi, a kai shi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, tare da katinsa. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a sayo farasitamol a kemis, domin yana ɓoye zazzaɓin ne, cutar kuwa tana ci.

2. A rage 'yan dubiya a waɗannan kwanaki. Mai mura ko tari, da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, su yi gaisuwa daga nesa. Majinyaci ya kwana cikin gidan sauro.

3. A tafasa ruwan sha. A ba shi abinci dafaffe mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, kamar kunu da fate da ƙwai da wake. A guji ɗanyen ganye da nonon da ba a dafa madararsa ba.

4. A riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau huɗu a rana.

5. Kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga ko sakiya, domin jini na iya ƙin tsayawa. Kada a haɗa da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, saboda hanta da ƙoda suna da aiki a gabansu.

6. Maganin yana fita ta fitsari da bayan gida da amai, musamman a kwana biyun farko. Mai kwashewa ya sa safar hannu, a wanke tufafin daban, mace mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aiki.

7. Macen da ke karɓar kemo ba ta shayarwa, kuma a guji ɗaukar ciki har sai likita ya amince.

Batun kuɗi

Maganin yana da tsada, ga kuɗin mota da na gwaji. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon dajin mama, da na bakin mahaifa, da na furostet da ke kama maza, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Yana da kyau a tambayi ofishin jin daɗin majinyata.

Tun ranar farko maigida ya tambayi likita zango nawa za a yi, dangi su zauna su raba nauyi, a ware buhunan masara ko waken suya da za a sayar domin kowane zango. A rubuta ranakun komawa a manna a bango, kada shuka ko girbi su sa a tsallake ko ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.