Abdullahin Gwandu: Masanin shari'ar da ya bar rundunar Alƙalawa

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya ji labarin kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ɗaya daga cikin jagororin jihadin ya taɓa barin rundunar da ta nufi birnin.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ke nan, ƙanen Shehu Usmanu. Yana Magami ranar da Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya nemi a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Shi ne kuma ya jagoranci mayaƙa a Tafkin Kwatto a 1804.

Wajen 1807, da ya ga wasu mutanensu sun koma neman mulki da ganima, sai ya sulale da niyyar tafiya Makka. Kano ta tsayar da shi. Mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu ƙa'idojin mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkam, wanda ya yi bayanin naɗa shugaba, waziri da alƙali. Ya karantar da tafsiri, sannan ya dawo. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Gobirawa, a faɗi gaskiya, suna da nasu karatun wannan tarihi. Amma maganar haraji ba ta tsufa a yankin ba: yau 'yan bindiga ke yanka wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuɗi kafin manomi ya taka gonarsa.